Harshen Baranda

A garinmu Madhubani, in ka tambayi mutum me 'yarsa ko ɗansa ke yi, ya gyara tsayuwa ya ce maka "taiyari", to ka ja bakinka ka tsuke. Shiri ke nan, kuma kowa ya san shirin mene ne: babbar jarrabawar nan ta shiga aikin gwamnatin tarayya, wadda daga cikinta ake fitar da Kalakta, mutumin da gunduma sukutum ke tafin hannunsa. Ba a tambayar yaushe shirin zai ƙare, wanda ya tambaya kuwa ba shi da tarbiyya. Akwai waɗanda furfura ta riske su a kan tabarmar karatu, amma har gobe in ka gamu da iyayensu a kasuwar kifi, taiyari za su ce maka ko ido ba su ƙifta ba.

Shekara bakwai cur Harikant Lal Karn yana ba da wannan amsa a kan 'yarsa Sulekha.

Shi Harikant akawun kotun gunduma ne, shekara talatin da huɗu yana kwafar shari'u da hannu har ya yi ritaya, kuma in ban da rubutunsa babu abin da yake taƙama da shi a duniya. Shi ya sa ya raɗa wa 'yar tasa Sulekha, wato mai kyakkyawan rubutu, tun tana cikin tsumma. Uwarta ta rasu tana da shekara huɗu. Yayarsa, wadda ta rasa miji tun da ƙuruciya, ta tattaro kayanta ta dawo gidan ta riƙe yarinyar. Ita ce Pisi, gwaggo ke nan, gajeriyar mace mai faɗan tsiya. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma babu haihuwa ko aure a unguwa da za a fara waƙa ba a aiko an ɗauke ta ba.

Harikant yana da wata magana da ya ɗauko daga kotu, ba kuwa wanda ya isa ya raba shi da ita. Ya ce harshe uku ne a ginin: Turanci na alƙali, Hindi na takardu, sai Maithili na baranda, inda mutanen ƙauye ke tsugune tun safe da takardun gona ƙulle a tsumma suna jira a kira su. Shi kansa da Maithilin yake cinikin kifi, da shi yake zagin mai wanki in ya ƙona masa riga, da shi ya yi kukan matarsa. Amma ranar da Sulekha ta fara zama gaban littafi sai ya kafa doka, a teburin karatu ba a yin harshen baranda. Ɗaki yake so ta shiga, ɗakin ma na can ƙurya mai labule da fanka.

Maithilin namu kuwa ba ya yarda a ce wa mutum "kai" ko "ke" haka kawai. Hawa uku ne. Akwai "ton" na yara da na ƙasa da kai, akwai "ahan" na mutunci, sai "apne" can sama, na suruki da malami da mai mulki. Harikant ya ce apne ga alƙalai da Kalaktoci ba iyaka, har da waɗanda a haife ya haife su, yana zabura tsaye da alƙalami a hannu. To duk ranar da Sulekha ta zo ta ɗaya a aji sai ya ja kunnenta a hankali, ya kira ta da sunanta na gida, ya ce, "Ke Buchi, ci gaba. Ranar da kika zama Kalakta, ni da kaina zan miƙe in ce miki apne." Ita ta yi dariya, Pisi ta yi tsaki. Amma maganar ta shiga yarinyar ta zauna daram, shi ma kuwa ba wasa yake yi ba.

Tana da ashirin da uku, digiri a hannu, ya saka kwat ɗinsa guda ɗaya tilo ya raka ta Delhi a jirgin ƙasa, har unguwar Mukherjee Nagar, inda in ka jefa tsakuwa a kan mai shiri za ta faɗa. Ƙa'idar jarrabawar ba ta da wuyar faɗa. Ƙofa uku ce: ta tantancewa, ta dogon rubutu, sai ganawa ido da ido. Ga 'yan dangi irin nasu, waɗanda doka ba ta yi wa sassauci ba, sau shida kawai ake yarda mutum ya gwada, daga nan an rufe masa har abada. A ƙofa ta biyu, ban da darussan da kowa ke rubutawa, akwai darasi ɗaya da mutum ke zaɓar wa kansa, maki ɗari biyar, kuma a nan ake tashi ko a kife. Da zarar ka cika shi a gurbinsa a fom ka aika, to sai kuma baɗi.

Uba da 'ya suka zauna gaban mai wata makarantar share fage, Tiwari Sa kamar yadda ɗalibai ke kiransa, mutum mai tumbi da zobba huɗu, wanda ke maganar darussa kamar dillalin albasa. Tarihi ya faɗi bana, in ji shi, ilimin zaman jama'a ya cika da mutane, amma labarin ƙasa, ai shi ne mai ba da maki, ga taswira ga zane, mai duba takarda da ya ga zane zuciyarsa ke sanyi. Harikant ya ji an ambaci zane da tsabtar hannu, ya ce an gama. Ba wanda ya juya ya tambayi Sulekha. Gaskiya ita ma ba ta damu ba a lokacin, murnar Delhi ta cika mata ciki.

Murnar ba ta yi mako ba. Mu mutanen jihar Bihar "mu" muke cewa a inda ɗan Delhi zai ce "ni", haka muka tashi muka ji. Rannan a aji mai mutum ɗari uku Sulekha ta ɗaga hannu ta ce, "Sa, ba mu gane ba." Tiwari Sa ya leƙa bayanta, ya leƙa ƙarƙashin benci, ya ce, "Ke da su wa?" Ajin ya kwashe da dariya, har da masu buga tebur. Tun daga ranar ta sa harshenta a gaba da wanki, kamar tukunyar da tuwo ya kama. Ta koyi "ni". In Pisi ta kira waya sai ta hau saman bene kafin ta amsa. Cikin shekara biyu in ta buɗe baki ba ka ce ta taɓa ganin kogin Kamla na yankinmu ba, kuma baiwar Allah ta ɗauki wannan ci gaba ne.

Sai dai labarin ƙasa ya ƙi ta ƙememe. Ta lulluɓe bangon katakon ɗakinta da taswirori, ta haddace tafiyar ruwan tekunan da ba ta taɓa tsoma ƙafa a ko ɗaya ba, ta zana duwatsun ƙasashen mutane har yatsanta ya yi kanta. A gwaji na farko ƙofar farko ce ta tare ta. A sauran huɗun ta wuce ta farko lafiya lau, ta je ta biyu ta maƙale, kuma kullum abin ɗaya ne: a darussan kowa-da-kowa ta yi abin kirki, labarin ƙasa ya ja ta ƙasa. Takardar maki na zuwa Harikant zai huda ta ya zura a fayil mai jan zare, yadda ya saba a kotu. Ba wai bai ga inda ciwon yake ba. Ya gani sarai, amma maganinsa kullum a ƙara taswira, a ƙara aji, domin a ganinsa wanda ya bar darasi bayan shekara huɗu ya zubar da shekara huɗu ne a kwata.

Bayan faɗuwa ta biyar abin ya faru, da rana tsaka, a shagon masu kwafar takardu. Tana cikin layi, ta ƙudundune a mayafi don sanyi, sai idonta ya faɗa kan wani ƙunshin tsofaffin tambayoyi da mai shagon ya tokare ƙafar tebur da shi. Adabin Maithili. Ta san yana cikin jerin darussan da ake zaɓa, kowa ma ya sani, ba dai wanda ke waiwayarsa ne. Ta zaro shi don ta rage tsayuwa. Tambaya ta farko a kan waƙoƙin rakiyar amarya ce. Ta biyu a kan waƙoƙin wata goma sha biyu na matar da mijinta ya tafi ci-rani. Kafin layi ya zo kanta ta amsa huɗu cikin biyar a zuciyarta, kuma duk da muryar Pisi take jin amsar.

Ba murna ta yi ba. Haushi ne ya turnuƙe ta, irin wanda mutum ke rasa wa zai mara. Shekara shida tana bin tekun wasu da alƙalami, alhali ga maki ɗari biyar can a gida yana tsintar wake a faifai.

Ta je wajen Tiwari Sa karɓar takardunta. Da ya ji inda ta dosa sai ya kishingiɗa a kujera ya yi dariya. Ya ce Maithili ai ba darasi ba ne, hirar mata ce a bakin rijiya, masu ɗaukarsa ko dai ragwaye ne ko masu neman ƙofar baya, kuma mai hankali ba ya sauya darasi a gwajin ƙarshe. Ta bar shi ya gama tsaf.

"Mun bar labarin ƙasa, Sa," ta ce.

Ya ɗaga gira, tsohon wasansa ya dawo masa. "Ke da su wa?"

"Mu da yawa ne, Sa. Mu ne muka cika maka aji."

Ta sauka Madhubani da akwatunanta duka a ƙarshen Disamba. Harikant ya ɗauka hutu ta zo yi ta huce takaici. Ko da ya ga ta shimfiɗa tabarma a baranda da wasu littattafan Maithili da ta aro a garin Darbhanga, sai ya zaci shan iska ne.

Nan kuma ta gamu da abin da ba ta zata ba. Ta rubuta amsarta ta farko, shafi huɗu, a kan wani babban mawaƙi na zamanin da, ta ce wa Pisi ta saurara. Pisi na gefe da faifanta. Ba a kai rabin shafi ba tsohuwar ta ajiye faifan ta kama dariya, dariya har da tari, har da share ido da gefen sari.

"Buchi, tsaya tukuna. Wa ya mutu? Mawaƙin ne, ko baunar gidan maƙwabcinmu Mahto?"

A Maithili ko "ya zo" da "ya tafi" hawa-hawa ne, da na malami, da na tsara, da na dabba. Sulekha ta kashe babban mawaƙin da kalmar da ake faɗa in bauna ta faɗa rami. Ba shi ke nan ba, Pisi ta ce duk abin da ta ji Hindi ne aka ɗaura masa sarin Maithili, ɗaurin ma a karkace. Ashe wankin harshen nan na shekara shida ya yi aiki fiye da yadda mai wankin ta sani. Ranar Sulekha ta zagaya gindin mangwaro ta yi kukan da ba ta yi ba a faɗuwa biyar. Labarin ƙasa ya ƙi ta, na gida kuma ita ta yar da shi da hannunta, ga fom saura wata biyu.

Da ta dawo ta tarar Pisi ta ajiye kofin tagulla kusa da tabarmar. Ta ce mata ta karanta daga farko, duk inda Hindi ya leƙo ko aka rage wa wani girma za ta jefa wake ɗaya. Ƙwal. Ƙwal. Ranar farko waken da ya taru ya isa miyar mutum uku, Pisi kuwa ta dafa shi ta zuba mata a kan shinkafa, ta ce kurakuranki ne, ba a zubarwa.

A Fabrairu aka buɗe fom. Al'adar gidan ce duk shekara Sulekha ta dawo a cika shi a gaban ubanta, a shagon kwamfuta na bakin kasuwa, shi yana tsaye a bayanta da tabarau yana bin kowane baƙi, don ya sha ganin shari'ar gona ta lalace saboda harafi ɗaya a suna. Suna daidai. Ranar haihuwa daidai. Gwajin da aka yi a baya, biyar. Sai gurbin darasin zaɓi. Ya sunkuyo, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"An yi kuskure a nan," ya ce wa mai shagon.

"Ba kuskure ba ne, Babuji," Sulekha ta ce wa mahaifinta.

Ya yi magana ƙasa-ƙasa saboda mutane, kuma da Hindi, wanda a wurinsa shi ne harshen magana mai nauyi. Ya ce wannan ne na ƙarshe, babu na bakwai. Ya ce shekara talatin da huɗu yana tsallake mutanen baranda in zai shiga ofis, ya san ƙarshen wanda ba shi da wani harshe sai wannan. Ya ce bai kai ta Delhi ba don ta dawo ta durƙusa gaban tsohuwar da ko sa hannu ba ta iya ba sai dangwala yatsa. Ita kuwa da Maithili ta amsa masa, kuma yadda duk shagon zai ji.

"Sau biyar na faɗi da zaɓinka, ban ce maka uffan ba. Wannan nawa ne. In faɗuwar ce, bar ni in faɗi da abin da na zaɓa."

"In kika danna abin nan, Buchi, kada ki ƙara kawo mini takarda in duba."

Ta danna. Ta kuma tsaya har na'ura ta fitar da shaida, ta naɗe ta sa a jaka. Harikant ya riga ya fice. Ta hango shi can ya kama hanyar gida, doguwar, wadda ba ta bi ta kasuwar kifi.

Daga ranar ya daina yi mata magana kai tsaye. In yana son abu sai ya ce wa Pisi ta gaya wa mai karatun baranda ta kwashe littattafanta daga hanya, alhali mai karatun na zaune taku uku daga ƙafarsa. Ita ma ba ta lallashe shi ba, taurin kan ai a wurinsa ta gada. Ta raba yininta biyu, da safe darussan kowa-da-kowa, bayan abincin rana Maithili da kofin tagulla. Littattafai suka ba ta tarihi da nahawu, Pisi ta ba ta kunne. Wani lokaci har faɗa suke yi, littafi ya ce kaza, Pisi ta ce wanda ya rubuta shi bai taɓa raka amarya ba. Maƙwabta kuwa suka sami abin yi. Wai 'yar Karn ta gaji ta koma waƙar biki, wai shekara talatin ba miji ba aiki. Wata ta faɗa mata a fuska a bakin famfo. Sulekha ta ce mata in ta ci jarrabawar famfon nan za ta fara gyarawa, in ba ta ci ba kuma za ta zo ta yi waƙa a auren 'yarta, kyauta.

Ta wuce ƙofar farko kamar yadda ta saba. Da damina ta kankama, wake uku ko huɗu ne ke faɗawa kofin a yini. Wata rana ta karanta shafi shida kofin bai yi ƙara ba, ta ɗaga kai ta ga ko Pisi barci ta yi. Idonta biyu, ta dai kau da fuska ne. A cikin ɗaki kuma jaridar da Harikant ke riƙe da ita ta daɗe ba a juya shafinta ba.

A Satumba ta je Patna, babban birnin jihar, ta yi dogon rubutun. Ranar Maithili su 'yan kaɗan ne a zauren, da yatsu ma ka ƙirga su, kuma karo na farko a rayuwarta lokaci ya ƙare mata tana da sauran abin faɗa, ba tana jan layi don ta cika shafi ba. Da sakamako ya fito sai ga lambarta cikin waɗanda aka kira ganawa, ƙofa ta uku da ko labulenta ba ta taɓa gani ba. Pisi ta raba kayan zaƙi a unguwa, ta fara da gidan matar bakin famfo. Harikant ya ci gaba da karanta jaridarsa. Amma da safe Sulekha ta tarar da tikitin jirgin Delhi a ƙarƙashin kofin tagulla, an rubuta lambar kujera a bayansa da rubutun da duk kotun gunduma ta sani.

Ganawar rabin awa ce, mutum biyar a bayan dogon tebur. Ɗaya ya tambaye ta ko ba ta ji tsoron sauya darasi a gwajin ƙarshe ba. Ta ce ta ji, har yanzu ma tana ji. Ta fito ba ta san ko ta burge su ba.

Sakamakon ƙarshe ya fito a Afrilu, da yamma, mangwaro ya fara 'ya'ya. Ta nemi lambarta a jerin ta waya, sau uku, daga sama har ƙasa. Babu. Ta ajiye wayar a tabarma ta ce wa Pisi babu. Pisi ta ce to, ta ci gaba da tsintarta, hawaye na ɗiga cikin faifan. An rufe ƙofa ke nan, babu na bakwai.

Bayan kwana goma takardar maki ta fito. Maki goma sha ɗaya ne tsakaninta da mutumin ƙarshe a jerin. Darussan kowa-da-kowa sun ɗan sauka, don rabin shekarar a koyon harshen uwarta daga farko ta kwashe shi. Amma a Maithili, ɗari uku da goma sha takwas. Labarin ƙasa kuwa, a shekararsa mafi albarka, ɗari biyu da ashirin da shida ya ba ta.

Ba ta kai masa takardar ba, tunda ya ce kada a kawo. Ta bar ta a tabarma ta tafi famfo. Da ta dawo ta same shi a baranda, inda bai zauna ba tun Fabrairun bara, ya kwance jan zaren fayil, ya jera takardu shida a kan gadon igiya, fensir a hannu. Ta tsaya da bokiti tana kallo, ta kuwa gane abin da yake yi tun kafin ya gama. Ya ɗauki makin gwaji na uku, lokacin tana da ƙarfinta, ya cire labarin ƙasa, ya sa ɗari uku da goma sha takwas a gurbinsa, ya ƙara makin ganawa. Ya yi wa na huɗu haka, ya yi wa na biyar. Sau uku ya maimaita lissafin, yadda akawu ke yi in yana fatan ya kama kuskure. Bai kama ba. Duk wanda ya ɗauka ta shige, a na uku kuwa har cikin ɗari na farko, inda ake ɗibar Kalaktoci.

Ya ajiye fensir. Ya dafa gwiwa ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan rigarsa, ya haɗa tafin hannu. Da Maithili ya yi maganar, kuma da kalmar can sama.

"Apne," ya ce, "a ajiye bokitin, a zauna."

Tun tana shekara takwas take jiran wannan kalma daga bakin nan. Yau ga ta ta zo, kuma abin da ta ji shi ne zafi.

"Zauna, Babuji. Ban zama Kalakta ba. Ba na son apne na jaje."

"Ba jaje ba ne, lissafi ne." Ya nuna takardun da ke kan gadon. "An zama tun shekara uku da suka wuce. Ni ne na tsaya a ƙofar."

A nan ne ake sa ran 'ya ta ce haba Babuji, ƙaddara ce, ba laifinka ba ne. Pisi ma ta dakata da tsinta tana jira ta faɗa. Sulekha ba ta faɗa ba. Tana ƙaunarsa, ganinsa tsaye haka da farin gashi ya kusa tsaga mata zuciya, amma ta gaji da gyara harshenta don wani ya ji daɗi. Ta ajiye bokitin, ta tattara takardun shida, ta zura su a zaren da kanta ta ɗaure.

"Abu ɗaya nake so. Gobe in an tambaye ka a kasuwar kifi, kada ka ce taiyari. Mun gama shiri."

"To me zan ce?"

"Ka ce tana koyar da Maithili. In sun ce a ina, ka ce a baranda."

Haka kuwa aka yi, yau shekara biyar ke nan. In ka bi ta layin bayan kotu da hantsi za ka jiyo su, masu shiri goma sha wani abu, wani lokaci ashirin, 'yan Madhubani da Darbhanga da Saharsa da suka dawo daga Delhi da wankakken harshe, suna karanta amsoshinsu da ƙarfi. Pisi ta tsufa, ido ya yi rauni, amma kunnen na nan, kofin ma na nan. Sulekha ba ta tilasta wa kowa Maithili. Wanda ya zo da uba a bayansa, uban take fara sallama waje, sannan ta tambayi mai jarrabawar me shi yake so, in labarin ƙasa ne ta nuna masa hanyar tasha. Harikant ne ke duba musu fom, harafi harafi, sai dai in an zo gurbin darasi yakan cire tabarau ya kalli titi.

Har yau apne yake ce mata, a gaban ɗalibai da bayan idonsu, ita kuma ta daina hana shi. Har yau kuma ba ta ce masa ba laifinsa ba ne.